Mashi da garwashi a ajin kimiyya: abin da Ostiraliya ta gwada a 2018

A ƙarshen shekarar 2018 hukumar da ke tsara manhajar makarantu a Ostiraliya, wadda suke kira ACARA, ta fitar da wasu misalai guda 95 da malaman kimiyya za su iya amfani da su a aji, tun daga ajin share fage har aji 10, kuma dukkansu an ɗauko su ne daga ilimin 'yan asalin ƙasar, wato Aborijin da kuma mutanen tsibiran Torres Strait. Ba sabon darasi aka ƙirƙiro ba, ba a cire Newton ba, ba a taɓa teburin sinadarai ba, abin da aka yi kawai shine an ce wa malami, toh idan za ka koyar da yadda ƙarfi ke aiki ga sandar jifan mashi nan, idan za ka koyar da yadda ake raba abubuwan da suka cakuɗe ga yadda matan Aborijin ke sheƙa da tankaɗe nan, idan za ka koyar da yadda makamashi ke sauya kama ga yadda ake murza itace har wuta ta tashi. Cikin waɗanda suka ja ragamar aikin akwai Joe Sambono, ɗan ƙabilar Jingili, wanda shi kansa ya karanci ilimin dabbobi kuma ya koyar.

Ko sati ba a rufa ba wata babbar jarida a Sidni ta maida abun abin dariya, wai an shigo da jifan mashi da murza itace don kunna wuta cikin kimiyya, wasu masu sharhi suka ce ana son a rage wa karatu nauyi ne don a faranta wa wasu rai. Ni kuma a ganina wannan dariyar ita ce ainihin cutar da ake neman maganinta, domin wanda ya yi dariyar bai tsaya ya tambayi kansa ko akwai fiziks a cikin jifan mashi ba, jin kalmar Aborijin kusa da kalmar kimiyya ne kawai ya ba shi dariya.

Kafin a fahimci dalilin da yasa aka zaɓi ajin kimiyya ba ajin tarihi kaɗai ba sai an san irin rawar da masu kiran kansu masana suka taka wajen gina rainin tun farko. Lokacin da jiragen Ingila suka sauka a 1788 akwai harsuna sama da 250 a wannan nahiyar, mutane ne da suka shafe dubban shekaru a wurin, binciken da aka yi a wani kogon dutse mai suna Madjedbebe a arewa ya kai lissafin zuwa wajen shekara 65,000, amma Turawan suka ɗauki ƙasar a matsayin wadda ba ta da mai ita, kuma doka ta tafi a haka har ranar 3 ga Yunin 1992 da babbar kotu ta rushe wannan tunanin a shari'ar Eddie Mabo, ɗan tsibiran Torres Strait da ya kai ƙara kan mallakar ƙasar kakanninsa, shi kuwa bawan Allah ya rasu watanni kaɗan kafin a yanke hukuncin. A tsakanin nan, musamman ƙarni na 19, masu awon ƙoƙon kai suka dinga tone kaburbura suna aika ƙasusuwan mutane gidajen tarihi da jami'o'in Turai, suna rubuta cewa waɗannan su ne a matakin ƙarshe na tsanin ɗan Adam kuma ƙarewa za su yi da kansu. Akwai wata mata 'yar Tasmaniya, tsibirin da ke kudancin ƙasar, ɗaya daga cikin Aborijin ɗin wurin, Truganini, ta rasu a 1876, tun tana raye take tsoron kada a yanyanka gawarta, ta roƙi a binne ta a teku, amma aka tono ta, aka kafa ƙwarangwal ɗinta a gidan tarihi na Hobart mutane na zuwa kallo daga 1904 har 1947, sai a 1976, shekara ɗari cif bayan rasuwarta, aka ƙona ƙasusuwan aka watsa tokar a ruwan da ta roƙa. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Kuma ba a gidan tarihi abun ya tsaya ba. Da irin wannan tunanin na jini mai kyau da jini mara kyau hukumomi suka dinga ƙwace yara daga hannun iyayensu mata, musamman waɗanda ubansu Bature ne, ana kai su gidajen mishan da na gwamnati, daga wajen 1910 har cikin shekarun 1970, rahoton da aka fitar a 1997 ya tattara shaidar ɗaruruwan mutanen da abun ya shafa, sai ranar 13 ga Fabrairun 2008 firaminista Kevin Rudd ya tsaya a majalisa ya ba da haƙuri. Kenan yaron da ke zaune a aji a Melbon ko Birisben, rainin da ya gada daga kakansa ba daga kasuwa kawai ya fito ba, wani ɓangarensa daga littafi ya fito, da tambarin ilimi a jikinsa. Shi yasa nake ganin ajin kimiyya na da bashi a wuyansa.

Toh mene ne a cikin misalan 95 ɗin. Ɗauki na sandar jifan mashi, wadda aka fi sani da wumera, ana kawo ta a aji 7 inda ake karanta ƙarfi da motsi. Sanda ce mai ɗan ƙugiya a ƙarshe, ana saƙala gindin mashin a ƙugiyar, idan mutum ya wurga sai sandar ta zama kamar an ƙara wa hannunsa tsawo, kan sandar na tafiya da sauri fiye da yadda tafin hannu zai iya, mashin ya fita da gudu mai yawa ya yi nisa. Duk wanda ya taɓa sara da gatari mai doguwar ƙota da mai gajeruwa ya san abin da ake nufi. Yara na iya fita fili su auna nisan jifa da sandar da kuma ba ita, su sauya tsawonta, su rubuta lambobi, su zana jadawali. Ina rage nauyin karatu a nan? A aji 7 ɗin dai akwai raba cakuɗe, tsince da hannu da tankaɗe da sheƙa da tacewa, da wata dabara da ake kira yandi inda mace ke girgiza wani akushi mai tsawo har tsaba ta ware gefe ɗaya, yashi da ƙaiƙayi su ware ɗaya gefen saboda bambancin nauyi da girma. A aji 10 akwai batun gado na jini, inda ake duba dokokin aure na ƙabilu da yawa waɗanda suka raba al'umma rukuni-rukuni suka hana wasu rukunan auren juna, abin da ke rage haɗuwar dangi na kusa. A aji 10 ɗin kuma akwai wanda ya fi ɗaukar hankalina, yadda ake cire guba daga tsiro ya zama abinci.

A nan zan ɗan daɗe domin akwai labarin da duk ɗan makarantar Ostiraliya ya sani, amma shekaru da yawa ana ba da shi ta gefe ɗaya. Ranar 20 ga Agustan 1860 wata tawaga ta tashi daga Melbon ƙarƙashin Robert O'Hara Burke da William John Wills, mutum 19 da raƙuma da dawakai da kaya tan-tan, suna son su ratsa nahiyar daga kudu zuwa arewa. Huɗu daga cikinsu, harda Burke da Wills, suka bar sauran a baya suka kai bakin fadamun gaɓar arewa a farkon 1861, a hanyar dawowa mutum ɗaya ya mutu, ukun da suka rage suka iso sansaninsu na rafin Cooper ranar 21 ga Afrilu suka tarar abokan da suka bari sun tashi 'yan awanni kafin isowarsu. Yunwa ta kama su a wurin da mutanen Yandruwandha, Aborijin na yankin, ke rayuwa lafiya lau da 'ya'yansu da tsofaffinsu. Yandruwandha ɗin suka dinga ba su kifi da wata waina da ake yi da ƙwayar wani tsiron fadama mai suna nardu, amma Burke bai yarda da su ba, har ya harba bindiga ta saman kansu, mutanen suka janye. Sai Turawan suka ce ai mun ga tsiron, bari mu yi da kanmu, suka dinga tsince ƙwayar suna niƙawa suna ci, cikinsu na cika amma ƙafafu na mutuwa, Wills ya rubuta a littafinsa cewa yana ci yana ƙoshi amma ƙarfinsa ƙarewa yake. A ƙarshen Yuni shi da Burke suka mutu. Na ukun, John King, ya bi sawun Yandruwandha suka karɓe shi suka riƙe shi har masu nema suka same shi a watan Satumba.

Daga baya aka gano nardu na ɗauke da wani sinadari mai lalata bitamin B1 a jiki, kuma rashin wannan bitamin na kawo ciwon beriberi, mai kashe ƙafafu ya raunana zuciya. Masana da yawa na ganin wannan ya taimaka ƙwarai wajen mutuwar su biyun, haɗe da yunwa da galabaitar da suka riga suka yi. Su kuwa Yandruwandha suna da hanyar sarrafa shi, da gashi da niƙa da ruwa, wadda ke rage illar. Mu da muka san rogo mai ɗaci ba sai an yi mana dogon bayani ba, kowa ya san sai an jiƙa shi ya kwana biyu ko uku an matse an soya kafin ya zama garin kwaki, wanda ya ci shi ɗanye zai ji a jikinsa. Haka ma a 1770 mutanen jirgin Kyaftin Cook, Baturen Ingila da ya bi gaɓar gabashin Ostiraliya, suka ga ɓawon ƙwayar wani itace mai kama da kaba a inda Aborijin suka yi girki, suka ce ai abinci ne suka ci, amai da gudawa suka kama su, aladun jirgin da aka ba wa har wasu suka mutu, alhali masu ƙasar na yanka ƙwayar su jiƙa ta cikin ruwa mai gudu kwanaki kafin su ci.

Yanzu ka kwatanta malamar kemistiri da ta shigo aji da wannan labarin, ta ce wa yara ku faɗa min me yasa mutum biyu suka ci abu ɗaya, ɗaya ya rayu ɗaya ya mutu. Yaron zai koyi yadda zafi ke lalata sinadarin da ke cikin abu mai rai, zai koyi yadda ruwa ke janye abin da ke narkewa, zai koyi me yasa niƙa abu ke sa ruwa ya fi ratsa shi, duk waɗannan suna cikin abin da za a tambaye shi a jarrabawa. Amma a lokaci guda hoton da ke kansa ya juye ba tare da an yi masa wa'azi ba, wanda aka gina wa gunki a tsakiyar Melbon shine wanda bai sani ba, waɗanda aka ce ba su san komai ba su ne masu sanin. Ni a wurina nan ƙarfin tsarin yake, ba a ce wa yaro ka ji tausayinsu ba, tausayi ma wani lokaci raini ne ya sa riga, an ba shi matsala ne ya warware da hannunsa ya tarar wani ya riga shi warware ta da dubban shekaru.

Batun wuta shi kuma ba tarihi ba ne, abu ne da ke gudana yau. A arewacin ƙasar damina da rani suke da shi kamar mu, ciyawa ta yi tsawo da damina ta bushe ƙayau da rani. Aborijin na yankin Arnhem da ke can arewa tun kaka da kakanni suna sa wuta da wuri, farkon rani lokacin da ciyawa ke da sauran laima kuma dare na da raɓa, wuta ƙarama mai tafiya a hankali, nan a ƙona can a bari, ta yadda idan ƙarshen rani ya zo da zafi da iska babbar gobara ba za ta samu abin ci a jere ba. Da aka kwashe mutane daga ƙasarsu aka tara su a mishan da garuruwa sai wannan aikin ya tsaya, gobarar ƙarshen rani ta dinga cinye yanki guda. A 2006 aka ƙulla yarjejeniya a yammacin Arnhem, yanki mai faɗin murabba'in kilomita 28,000, masu gadin daji 'yan ƙasa suka koma ƙunar farkon rani, dattawa na nuna inda za a sa da lokacin da za a sa, ana haɗawa da jirgi mai saukar ungulu da hoton tauraron ɗan Adam, kamfanin gas da ke birnin Darwin ya dinga biyan kuɗi domin a rage hayaƙi mai ɗumama duniya da aƙalla tan 100,000 duk shekara, kuma an dinga wuce wannan adadin. Bayan mummunar gobarar 2019 zuwa 2020 a kudu da gabas, wadda ta kashe mutum 33 kai tsaye ta cinye gidaje sama da 3,000, hukumar binciken da gwamnati ta kafa ta ba da shawarar a dinga aiki da masu ƙasa na asali kan sarrafa wuta. Ko da yake gaskiya dajin kudu ba irin na arewa ba ne, kuma ba wanda ya isa ya ce ƙunar gargajiya kaɗai za ta hana gobara a shekarar fari irin waccan, malamin kirki zai faɗa wa yara wannan ma.

Wani ɗan ƙarin da nake so, Aborijin na arewa sun daɗe suna cewa akwai tsuntsaye masu ɗaukar itace mai wuta su jefa a busasshiyar ciyawa don ƙadangaru da fara su fito su kama, Turawa suka ɗauka tatsuniya ce, sai a 2017 Mark Bonta da abokan aikinsa suka wallafa shaidun mutane da yawa harda ma'aikatan kashe gobara da suka gani da idonsu. Tsuntsaye iri uku ne aka ambata, ɗaya daga cikinsu shirwa ce, irin wadda muke gani tana shawagi kan hayaƙi idan ana ƙunar daji a nan.

Toh amma shin wannan na rage ƙyama da gaske? Nan ne ya kamata mutum ya yi a hankali. Girman matsalar dai sananne ne, a 2020 wani mai bincike a Jami'ar Ƙasa ta Ostiraliya, Siddharth Shirodkar, ya duba sakamakon wani gwaji na intanet da sama da mutum 11,000 suka yi cikin shekara goma, gwajin da ke auna saurin da mutum ke haɗa fuska da kalma mai kyau ko mara kyau, ya samu kusan uku cikin huɗu sun karkata ga haɗa fuskar ɗan asali da mummunan abu, kuma yawan karatu bai kuɓutar da mutane daga wannan ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna digiri ba magani ba ne, abin da aka koya a cikin digirin shine magana. Anne Pedersen da abokan aikinta a Jami'ar Murdoch sun daɗe suna nuna cewa mutanen da suka fi yarda da labaran ƙarya game da Aborijin, irin su wai gwamnati na ba su mota kyauta, su ne kuma suka fi ƙyamarsu, kenan akwai alaƙa tsakanin abin da mutum ya ɗauka gaskiya ne da abin da zuciyarsa ke ji.

Hujja mafi ƙarfi da ta shafi ajin kimiyya kai tsaye daga Amurka ta zo, aikin Brian Donovan kan darasin gado na jini. Da farko ya nuna cewa idan littafin bayoloji ya gabatar da cuta irin sikila a matsayin cutar mutane baƙar fata kawai ya wuce, yara na fita da ƙarin yarda cewa launin fata na raba mutane gida-gida har cikin halayya da basira. Sai a 2019 shi da abokan aikinsa suka raba ɗalibai ta hanyar ƙuri'a, wasu aka koya musu ainihin lissafin bambancin ƙwayoyin gado, wato abin da Richard Lewontin ya nuna tun 1972 cewa wajen kashi 85 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin 'yan Adam a cikin kowace al'umma ɗaya yake ba tsakanin al'ummu ba, wasu kuma aka koya musu wani darasi daban, waɗanda suka yi darasin farko yardarsu da waccan fahimtar ta ragu. Abin da na ɗauka daga nan shine ajin kimiyya ba ya zama ɗan ba ruwana, ko dai yana ƙara wa rainin taki ko yana cire masa, ya danganta da abin da malami ya faɗa da abin da ya tsallake.

Sai dai tsarin na 2018 na da rauni kuma ba ƙanana ba. Na farko, misalan nan 95 ba dole ba ne, shawara ce, malami na iya shekara guda bai taɓa ko ɗaya ba kuma bai karya doka ba, ga shi jihohi ne ke tafiyar da makarantu, manya irin New South Wales da Victoria suna da nasu tsarin manhajar da suke ɗorawa kan ta ƙasa. Na biyu, yawancin malamai ba 'yan asali ba ne, 'yan asalin gaba ɗaya ba su kai kashi 4 cikin ɗari na al'ummar ƙasar ba, a cikin malamai kuma sun fi haka ƙaranci, su kansu malaman ba a koya musu wannan ba lokacin da suke yara, da yawa tsoro suke ji kada su faɗi abu ba daidai ba su ɓata wa wani rai, sai su zaɓi shiru. ACARA ta san da haka shi yasa ta bi misalan da dogon bayani na malamai, kowane misali da kimiyyar da ke ƙarƙashinsa, amma takarda ba ta shiga aji da ƙafarta. Inda abun ya fi kama ƙasa shine inda makaranta ta kira dattawan yankin da masu gadin daji aka fita da yara, kamar shirin kimiyya ta hanya biyu da hukumar bincike ta CSIRO ta tallafa wa a makarantun hamadar yamma, ko aikin Corey Tutt ɗan Kamilaroi wanda ya fara DeadlyScience yana aika littattafai da madubin kallon taurari makarantun ƙauye bayan ya ji wata makaranta ba ta da littattafan kirki.

Na uku, kuma wannan daga ɓangaren masoya yake zuwa, zuzutawa. Akwai masu son abun da za su ce komai Aborijin sun riga kowa sani, su maida kowace tatsuniya ka'idar kimiyya, wannan na ba masu dariya makami, ranar da yaro mai wayo ya gano an ƙara gishiri a abu ɗaya zai zubar da sauran tara ɗin da suke gaskiya. A maƙwabciyarsu New Zealand irin wannan ce-ce-ku-cen ya tashi a 2021 lokacin da farfesoshi bakwai na Jami'ar Auckland suka rubuta wasiƙa suna adawa da daidaita ilimin Maori, 'yan asalin ƙasar, da kimiyya a manhaja, aka yi ta fama har ƙasashen waje. Ni dai ina ganin hanyar Ostiraliya ta fi tsira daga wannan tarkon, domin ba ta ce a yarda da abu saboda dattijo ya faɗa ba, cewa ta yi ga abin da mutane suka lura da shi suka gwada shekara dubbai, ku zo mu auna. Kuma ba a buƙatar gishiri sam, gaskiyar ta isa. Ga Budj Bim a kudu maso yammacin Victoria inda mutanen Gunditjmara suka tsara magudanai da madatsu da duwatsun aman wuta suna kiwon wani dogon kifi mai kama da maciji tun shekara 6,600 da suka wuce, UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2019. Ga Patrick Nunn da Nicholas Reid da suka tattara labarai daga wurare 21 a gaɓar teku masu cewa da can tudu ne inda ruwa yake yanzu, suka gwada da taswirar zurfin teku da tarihin hauhawar ruwa bayan zamanin ƙanƙara suka ga labaran sun yi daidai da abin da ya faru sama da shekara 7,000 baya. Ga David Unaipon ɗan Ngarrindjeri da ya yi rajistar ƙirƙirar sabon kan almakashin askin tumaki a 1909, hotonsa na kan takardar dala 50 tun 1995, mutane na riƙe shi a aljihu kullum.

Akwai kuma tambayar waye mai ilimin. Ba kowane sani ne na kowa ba a wurin Aborijin, akwai na maza akwai na mata, akwai wanda sai an kai wani mataki, kuma ilimin ƙabila ɗaya ba na ɗaya ba ne, mutanen Noongar na kudu maso yamma yanayi shida suke lissafawa a shekara, Birak, Bunuru, Djeran, Makuru, Djilba da Kambarang, na wani yankin daban ne gaba ɗaya. Malamin da ya ɗauko abu daga intanet ya ce haka Aborijin ke yi, kamar wanda ya ce haka 'yan Afirka ke yi ne, ya sake yin kuskuren da ake ƙoƙarin gyarawa. Wannan na yanayi ma ya tuna min yadda muka haddace yanayi huɗu na Turai a firamare harda lokacin zubar dusar ƙanƙara, alhali ga damina da kaka da hunturu da bazara a bakin ƙofa. Kuma tunda na taɓo gida bari in faɗa, mu ma ba wankakku ba ne, a bakinmu sunan wata ƙabila ya zama kalmar da ake kiran wanda bai iya abu ba, ƙabilar da aka gina babban birnin tarayya a kan gonakinta, haka bafulatanin daji da ya san kowace ciyawa da ciwon da take sa wa saniya ana masa kallon wanda bai san komai ba. Ba ɗaya ba ne da abin da ya faru a Ostiraliya, can mamaya ce da ƙwace ƙasa da ƙwace 'ya'ya, amma tushen rainin, wato ɗaukar cewa wanda ba ya magana irin taka ba ya tunani, wannan mun san shi sarai.

A 2022 ministocin ilimi suka amince da sabuwar manhajar ƙasa, bayan doguwar jayayya musamman kan darasin tarihi, kuma misalan kimiyya na 'yan asali suka ci gaba da zama a ciki. Shekara ɗaya bayan nan, ranar 14 ga Oktoban 2023, aka yi ƙuri'ar raba gardama kan ko a sa wata majalisar ba da shawara ta 'yan asali a kundin tsarin mulki, kusan kashi 60 cikin ɗari suka ce a'a, ba jiha ko ɗaya cikin shida da ta ce e, abin da ya yi wa Aborijin da yawa ciwo sosai idan aka tuna a 1967 sama da kashi 90 ne suka goyi bayan wani gyaran kundin tsarin mulki da ya shafe su. Ba duk wanda ya ce a'a ne mai ƙyama ba, wasu 'yan asalin ma sun yi adawa da tsarin saboda dalilansu, amma maganganun da aka dinga yaɗawa a Facebook lokacin kamfe sun nuna tsohon rainin na nan da ransa. Na ga masu cewa ai ga shi nan, duk koyarwar nan ba ta yi komai ba. Sai dai a yi lissafi, yaron da ya shiga aji 7 a farkon 2019, shekarar farko da malaminsa zai iya fita da shi fili ya auna jifan wumera, shekararsa 12 ko 13, ranar ƙuri'ar yana da 16 ko 17, a Ostiraliya kuwa sai mutum ya cika 18 yake zaɓe.